Shida ko Takwas: Yadda Gidan Yayata Ya Zaɓa wa 'Yarsu Hanyar Karatun Likita a Amurka

A shekarar 2022 azumi ya cinye watan Afrilu kusan gaba ɗayansa, kuma a cikinsa ne gidan yayata da ke unguwar Bronx, a birnin Niyok, ya shiga wata shawara da ta riƙa hana su barci bayan an taso daga tarawihi. 'Yarsu ta fari, mai shekara 17 a lokacin, ta samu gurbi biyu na karatun likita, irin wanda ake yi wa ɗalibi alkawarinsa tun bai bar sakandare ba. Ɗaya na shekara shida, ɗaya na takwas. Makarantun suna jiran amsa zuwa farkon watan Mayu, kamar yadda jami'o'in ƙasar suka saba. Da yake 'yar fari ce, ko uwarta ba ta kama sunanta, "yarinyar nan" ake cewa a gidan, ni ma haka zan kira ta. Makarantun biyu ma ba zan ambaci sunansu ba.

Ni kawunta ne. Aikina a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti yake, na daɗe ina ganin ɗaliban likita suna shigowa suna fita, wasu da fara'a, wasu ido ya faɗa. Dalilin da ya sa aka sa ni cikin maganar ke nan. Na rubuta yadda ta kasance ne saboda iyayenmu da ke ƙasar nan suna ƙaruwa, 'ya'yansu na tasowa, kuma kusan kowa da ma'aunin gida yake auna wannan lamari.

A Najeriya yaro yana gama sakandare, ya ci JAMB, ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano, bayan shekara shida ya fito da MBBS, ya yi shekara ɗaya yana sanin makamar aiki a asibiti, sannan ya tafi hidimar ƙasa. A Amurka ba haka ba ne. Sai ka yi digirin farko na shekara huɗu a kowane fanni, tare da wasu darussan kimiyya da aka wajabta, ka zauna jarrabawar neman shiga likitanci ta MCAT mai cin sama da awa bakwai, wadda makinta yake tsakanin 472 da 528, sannan ka nemi makarantar likita ka yi wata shekara huɗu. Wannan tsari ya daɗe. Jami'ar Johns Hopkins ta buɗe makarantar likitancinta a 1893 da sharaɗin sai mai digiri, rahoton Abraham Flexner na 1910 kuma ya ja sauran makarantun ƙasar zuwa ga irin wannan tsauri. Tsakanin digirin farko da makarantar likita nan ne ramin yake. Duk shekara sama da mutum 50,000 ke nema, kimanin 23,000 ke shiga. Da yawa sai sun jira shekara ɗaya ko biyu sun sake gwadawa, shi ya sa matsakaicin shekarun sabon ɗalibin likita ya kai wajen 24.

Shirin haɗin gwiwa, wanda ake kira BS/MD, cike wannan ramin yake yi. Ana ɗaukar yaro daga sakandare da alkawarin cewa idan ya cika sharuɗɗa, kujerarsa a makarantar likita tana nan. Wasu sun bar shi a shekara takwas yadda yake, kamar na Jami'ar Brown, inda ɗalibi zai karanta abin da ransa yake so a digirin farko kuma ba a neman MCAT daga gare shi. Wasu sun matse shi zuwa bakwai ko shida, kamar na Jami'ar Mizuri da ke Kansas City, wadda tun buɗewarta a 1971 take ɗaukar 'yan sakandare kai tsaye, ana karatu rani da damina, ɗalibi kuma yana fara ganin marasa lafiya tun shekararsa ta farko.

Lissafin Alhaji

Mahaifin yarinyar direban tasi ne, ya fi shekara ashirin yana zaga titunan birnin nan. Daren farko da muka zauna, bayan an kwashe kwanukan buɗa-baki, ya jawo wata takardar shaidar sayen mai, ya juya bayanta, ya fara rubutu da biro. Za ta shiga da shekara 18. A na shida za ta zama likita tana da 24, a na takwas sai 26. Ya ɗora shekara uku ta horon ƙwarewa a asibiti, ya samu 27 da 29. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin 27.

"Malam, ai wannan ba abin shawara ba ne," in ji shi. "A gida ma shekara shida ake yi, kuma likitocinmu su ne cike da asibitocin ƙasar nan. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani."

Ban ce masa ya yi kuskure ba, domin a wani ɓangaren yana da gaskiya, kuma har yau ina ganin gaskiyar tasa. Likitan da ya gama horo a Amurka yakan karɓi sama da dala 200,000 a shekara. Shekara biyu da aka yi gaba da su, albashin shekara biyu ne cur. Ga mutumin da bayansa ya fara gajiya da kujerar mota, da ƙananan yara uku a bayan wannan, da dangi a Kano da ke jiran saƙo duk wata, shekara biyu ba ƙaramin abu ba ce. Wanda bai taɓa biyan kuɗin haya a Niyok ba shi ne zai raina wannan lissafin.

Abin da na ce masa shi ne, shidan gida daban, shidan nan daban. A gida an gina karatun ne a kan shekara shida tun asali, kowa haka yake yi, kuma da hutunsa. A nan shekara takwas ce aka cusa cikin buhun shida. Kuma ba daga karatun likitancin ake yanke komai ba, shekarunsa huɗu suna nan daram. Daga digirin farko ake yankewa, da dogon hutun nan na watan Mayu zuwa Agusta.

Washegari na bugo jadawalin karatun makarantun biyu a wurin aiki, na kawo, muka shimfiɗa su kan teburin cin abinci. Na ba yarinyar jan biro na ce ta zagaye duk inda ta ga hutu. A takardar shekara takwas ta yi manyan da'ira uku, kowace kusan wata uku. A ta shekara shida sai 'yan ƙananan da'ira, mako biyu nan, mako uku can, watan Yuni da Yuli duk cike da darussa. Ta daɗe tana kallon takardar. Can ta ce, "Kawu, to yaushe ke nan zan je wajen Hajiya?" Rabonta da Kano tun tana 'yar shekara tara.

Alhaji ya ce Hajiya ai addu'ar ganin jikarta likita take yi, ba ziyara ba. Yaya ba ta ce komai ba, ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Inda kuɗin yake

Mun ci kwana uku a kan kuɗi, kuma a nan lissafin bayan takardar mai ya fara sauyawa. Kowa ya ɗauka gajeren shiri shi ne mai sauƙi. Da muka buɗe takardun tallafi sai muka ga shekarun da ake ragewa su ne masu araha. Makarantar shekara takwas a cikin jiharmu take, tafiyar 'yan awoyi a mota, kuma tsakanin tallafin da makarantar ta ba ta saboda ƙwazo da tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda ake bai wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi kuma ba a biyansa, digirin farkon nata kusan kyauta zai zama. Shi Pell na masu digirin farko ne kawai. Ranar da aka rubuta ki a matsayin ɗalibar likita, ya yanke.

Makarantar shekara shida kuwa a wata jiha take mai nisa, sai da jirgi. Jami'o'in gwamnati a Amurka suna da farashi biyu, na 'yan jiha da na baƙi, kuma na baƙi yakan yi tsada ƙwarai. A matsayin baƙuwa za ta biya, har da zangon rani da wasu ke hutawa, kuma daga shekara ta uku za a ɗora ta kan farashin makarantar likita. Da muka tara komai sai ga shi gajeren shirin ne zai bar ta da bashi mafi nauyi ranar da za ta karɓi takardar shaida, duk da cewa za ta riga fara biyansa.

Bashi kuma a gidan nan ba maganar lamba ba ce kaɗai. Rancen karatu na gwamnati da ake bai wa ɗaliban likita yana fara tara kuɗin ruwa tun ranar da aka sake shi, kana aji yana ƙaruwa. Mafi yawan masu gama likitanci a ƙasar da bashi suke fita, kuma na tsaka-tsakinsu ya kai wajen dala 200,000. Alhaji bai taɓa sayen ko mota da bashin ruwa ba. Ya tambayi malamai biyu a masallacin unguwa, ɗaya ya ce larura ce, ɗaya ya ce a nemi wata hanya tukuna. Ya dawo gida da damuwar da ta fi wadda ya fita da ita. A daren ne na fara jin ya ce, "To in ana iya jinkirta bashin shekara huɗu, ai wannan ma wani abu ne."

Damuwar Yaya daban ce, kuma ba ta faɗe ta a gaban mijinta ba. Ta raka ni bakin ƙofa ta ce, "Kai fa kana ta maganar hutu. Ni shekara 29 nake kallo. Yaushe za ta yi aure?" Tambaya ce ta uwa, ban kuma ɗauke ta da wasa ba. Na ce mata a asibitinmu ina ganin masu aure a cikin ɗalibai, ina ganin masu juna biyu a cikin masu horon ƙwarewa, ba wanda ya ce sai an gama ake yi. Amma kuma na nuna mata inda wahalar take. Mai horon ƙwarewa dokar aikinsa ta yarda ya yi har awa 80 a mako, kuma wannan iyakar ma sai a 2003 aka sa ta a faɗin ƙasar. Idan akwai lokacin da mace za ta samu sararin sanin wanda za ta aura, a shekarun digirin farko ne da hutunsu, waɗanda gajeren shirin ya haɗiye. Yaya ta ce za ta yi tunani. Ban san ta gamsu a daren ba sai daga baya, da na ji ta tana maimaita wa mijinta maganar kamar tata.

Ƙofar fita

Abin da ya fi damuna ni kaina ba kuɗi ba ne, ba kuma aure ba. Yarinyar shekara 17 ce ake so ta sa hannu a kan aikin da za ta yi har tsufanta. Tun tana firamare ake kiranta "likitarmu" a gidan, duk baƙon da ya zo haka yake ce mata. Ƙwazo kam akwai, babu tantama. Amma a duk rayuwarta asibitin da ta sani shi ne wasu makonni da ta yi tana aikin sa kai, tana tura keken marasa lafiya. Ba ta taɓa ganin an gaya wa uwa ɗanta ya rasu ba.

Na samu ranar da iyayen ba sa nan na tambaye ta: "Idan kika kai shekara ta biyu kika ga ranki ba ya so, da me za ki fito?"

Mun bi takardun layi-layi muna neman amsa. A yawancin gajerun shirye-shirye, darussan digirin farko an ɗinka su ne daidai wuyan likitanci, har wasu darussan makarantar likita ake lissafawa cikin digirin don ya cika. Wanda ya fice a tsakiya yakan tarar da darussa a hannunsa amma ba digiri cikakke, sai ya ƙara lokaci kafin ya haɗa shi. Wanda ya faɗi darasi ɗaya mai muhimmanci kuma ba shi da hutun da zai gyara, sau da yawa ƙarin shekara ce, shida ta koma bakwai. A dogon shirin kuwa, ko ta fasa likitanci a shekara ta uku, za ta gama digirinta tare da sa'o'inta, ba wanda zai san ta taɓa sauya ra'ayi.

Sai dai dogon shirin nata ma da ƙayarsa. Sharaɗinsa GPA ɗinta, wato matsakaicin makinta a duk darussa, kada ya sauka ƙasa da 3.5 cikin 4, dole ta zauna MCAT ta kai makin da suka ƙayyade, alhali na shekara shida ya yafe jarrabawar gaba ɗaya. Akwai kuma wani layi a shafi na uku da muka karanta muka wuce: idan ta nemi wata makarantar likita daban, ta rasa kujerarta a nan. A lokacin ba mu ba shi muhimmanci ba. Wa zai bar tabbas ya bi shakka?

Na kuma gaya mata abin da nake gani a tarihin shirye-shiryen kansu. A farkon shekarun 1960 aka fara su, lokacin da Amurka ke kukan ƙarancin likitoci. Jami'ar Northwestern da ta Boston sun buɗe nasu na shekara shida a 1961, Penn State da kwalejin Jefferson suka zo da na shekara biyar a 1963. Da tafiya ta yi tafiya sai kusan duka suka riƙa tsawaita. Na Penn State ya koma shida, yanzu bakwai ne. Northwestern ta mai da nata bakwai, daga baya a 2020 ta sanar da rufe shi. Waɗanda suka ƙirƙiro saurin su ne da kansu suke ta rage shi. Ga kuma wani sauyi da ya faru wata uku kacal kafin zamanmu: daga Janairun 2022 matakin farko na jarrabawar lasisi ta USMLE ya daina ba da maki, sai dai a ce ka ci ko ka faɗi. A da wannan makin ne babban abin da asibitoci ke dubawa wajen ɗaukar masu horon ƙwarewa. Da ya tafi, a ganina nauyin ya ƙara komawa kan bincike da rubuce-rubuce da shaidar malamai, abubuwan da ke son lokaci.

Don kada mu yi wa gajeren shirin rashin adalci, na kai ta wurin wani matashin likita da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, ɗan wasu 'yan Pakistan, wanda ya yi na shekara shida. Bai yi da-na-sani ko kaɗan ba. Ya ce shi mahaifinsa likita ne, a asibiti ya girma, tun yana yaro ya san abin da yake so, kuma ganin marasa lafiya tun shekarar farko shi ya riƙe shi duk lokacin da karatu ya yi zafi. Shekara huɗu ta digirin farko da ɓata lokaci za ta zame masa. Ya ce abu ɗaya ne ya yi masa ciwo, ranar da ya shiga ɗakin wani dattijo yana ɗan shekara 24 aka tambaye shi yaushe likitan zai zo. Sannan ya juya ya tambaye ta, "Ke kina so, ko ana so miki?" Ta ce tana so. Ya ce, "Kin tabbata kamar yadda na tabbata?" Ta yi shiru.

Ana saura kwana uku Sallah ta samu mahaifinta bayan la'asar. Yaya ce ta ba ni labari. Ta durƙusa ta ce, "Abba, ina son na takwas ɗin. In na ce maka na tabbata ɗari bisa ɗari na yi maka ƙarya, kuma ba na so in gano haka bayan ka ci bashi a kaina." Ya daɗe bai amsa ba. Daga bisani ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya fita aiki.

Abin da ya biyo baya

Shekarar farko ta wuce lafiya. A ta biyu ne abu ya taso. Hawan jini ya kayar da Alhaji a tsakiyar zangon da take ɗaukar oganik kemistiri, darasin da ya saba kayar da masu burin likitanci. Ya yi kwanaki a asibiti, ya yi wata biyu ba ya tuƙi. Duk Juma'a da yamma sai ta hau bas ta taho gida, ita ce mai fassara tsakanin Yaya da likitoci, ita ce mai cike takardun inshora, ta koma daren Lahadi. Sakamako ya fito da C a darasin, GPA ya sauka ƙasa da sharaɗi, makaranta ta aiko mata da wasiƙar gargaɗi kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Da yake akwai sauran zango huɗu a gabanta, ta rage nauyin darussa a na gaba, ta ɗauki ɗaya a lokacin hutu, makin ya dawo. Da a jiha mai nisa take, ga jadawali marar numfashi, dole ɗaya ya sha kashi, ko karatun ko gidan.

Hutun da ta yi a Kano kuma shi ne ya ba ta abin da ni ban iya ba ta ba da duk takarduna. Hajiya na fama da ciwon suga, ita ta riƙa raka ta asibiti. Wata safiya tsohuwar ta ce zuciyarta na tashi. Yarinyar, da Hausarta ta Bronx, ta ɗauka ciwon zuciya ne, ta rikice tana neman a kira mota, sai da matan gidan suka fahimtar da ita amai ne ke taso wa Hajiya. Ta ce a daren ta kasa barci tana tunanin tsofaffin Hausawa nawa ne a Niyok, 'yan Nijar da Gana da Najeriya, ke faɗa wa likita irin wannan magana ta bakin jikan da bai gane ba. Ta dawo da ƙaramin littafi cike da kalmomi: shawara, daji, sanyin ƙashi, farfaɗiya, jiri, da yadda kowace tsohuwa take amfani da su. Ta ƙara darussan ilimin harshe a karatunta, ta fara aikin tafinta na sa kai a wani ƙaramin asibitin unguwa duk lokacin hutu. Tun daga nan ban ƙara jin shakka a muryarta ba in ana maganar likitanci.

A bazarar 2025 ta zauna MCAT, ta wuce makin da ake nema da tazara mai kyau. A nan ne layin nan na shafi na uku ya dawo mana. A watan Fabrairun 2024 Ruth Gottesman ta bai wa kwalejin likitanci ta Albert Einstein kyautar dala biliyan ɗaya, aka soke kuɗin makaranta ga ɗalibanta, kuma a Bronx ɗin nan kwalejin take, tafiyar bas ɗaya daga gidan Yaya. Makarantar likitanci ta Jami'ar Niyok, NYU, ta riga ta yi haka tun 2018. Karatu ba kuɗin makaranta, ke nan ba bashin ruwa mai yawa, kuma a gida. Amma neman su yana nufin sakin kujerar da ke hannunta, ta shiga layi da dubban masu ƙwazo irinta da ke rububin waɗannan 'yan gurabe.

Wannan karon Alhaji ne ya hana. Mutumin da a 2022 yake cewa a yi sauri, yanzu shi ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ni na karkata ga ta gwada, don makinta ya kai, amma ban matsa ba, ganin cewa in abin ya ƙi ba ni zan zauna shekara guda a gida ba. A watan Yunin 2025, lokacin da ake aika takardun nema, ta yanke ta tsaya inda take.

Bayan wata ɗaya, ranar 4 ga Yuli, aka sa hannu kan wata dokar tarayya da ta sauya tsarin rancen karatu. Daga 1 ga Yulin 2026 an rufe rancen Grad PLUS ga sababbin masu karɓa, wanda a da yake cike wa ɗalibin likita duk abin da ya rage na kuɗin makaranta da na zama. An kuma sa iyaka, dala 50,000 a shekara, 200,000 gaba ɗaya. Waɗanda suka riga suka fara karɓa a shirinsu an bar su su ci gaba a tsohon tsari har shekara uku. Yarinyar nan a watan Agustan 2026 za ta shiga makarantar likita, mako kaɗan bayan rufe ƙofar. Da na shekara shida ta ɗauka, da tuni tana ciki, da tsohon tsarin ya kai ta ƙarshe. Ba wanda ya hango wannan a kan teburin Yaya, amma tsada ce ta gaske, kuma zaɓin da na goya wa baya ne ya jawo ta. Kuɗin makaranta da na haya da abinci sun wuce dala 50,000 a shekara a inda za ta, giɓin kuma sai dai bankuna masu zaman kansu, waɗanda ruwansu ya fi tsanani kuma sukan nemi uba ya tsaya wa 'yarsa.

Hanyar da ake dubawa yanzu ita ce tallafin National Health Service Corps na gwamnatin tarayya. Yana biyan kuɗin makaranta, ya ba ɗalibi na kashewa duk wata, da sharaɗin bayan horo ya yi aiki a yankin da ke da ƙarancin likitoci, shekara ɗaya a madadin kowace shekarar tallafi, mafi ƙaranci biyu. Ba bashi ba ne, don haka hankalin Alhaji ya kwanta da shi. Masu nemansa suna da yawa, ba tabbas za a ba ta. Kuma yana ɗaure mutum a fannonin kula da lafiya na matakin farko, irin likitan iyali, na yara, na manya, na mata da haihuwa, ko na taɓin hankali. Tiyata da sauran fannoni sun fita ke nan tun ba ta taɓa shiga ɗakin tiyata ba, wanda ya saɓa alkawarin kuma tarar da ake ɗora masa mai nauyi ce ƙwarai.

Asabar ɗin da ta wuce na je gidan. Na tarar da ita da mahaifinta a teburin nan, kwamfuta a buɗe, ta cike takardar neman tallafin har shafin ƙarshe. Ta ce likitan iyali take son zama dama, a unguwa irin tasu, inda za ta yi wa tsofaffi magana da Hausa ba tafinta. Alhaji ya ce in haka ne ta aika mana. Ta ce tana so ta fara bin wata likitar tiyata da ta yi mata alkawarin kwana biyu a asibiti, ta gani da idonta tukuna, tun da akwai sauran makonni kafin a rufe karɓa. Ya dube ni, ya dube ta, ya ce to ta je ta gani, sannan ya miƙe ya ɗauki makullin mota.